Atine da Famfon da Ya Zubo Jan Ruwa

A garin Laurel na ƙasar Amurka, idan ka ce kana neman gidan Oumarou mai tasi, sai mutane su tsaya tunani. Amma ka ce gidan Atine mai karaban, ko yaran nan da ba sa mayar da Hausa za su nuna maka da yatsa. Gida ne ƙarami a ƙarshen layi, a gefensa an girke wani farin ɗaki mai taya, irin wanda Turawa ke ɗaurawa a bayan mota su tafi yawon hutu. Akwai gado a ciki, da murhu, da ɗan ban-ɗaki, da famfo. Mu 'yan Najeriya tirela muke ce masa. Atine kuwa 'yar Maraɗi ce, bakinta bai rabu da Faransanci ba, ita karaban take cewa, kuma nata sunan ne ya bi gari.

Ni sunana Rahmatu, daga Kano na zo. A wurin aiki muka haɗu da ita, a farkon shekarun dubu biyu, lokacin duk muna bin gidaje muna kula da tsofaffi. Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, ga wushirya. Idan za ta tsokane ka ba ta dariya. Fuskar nan sai ta yi kamar ta mai zuwa ta'aziyya. Ta taɓa gaya wa wata sabuwar zuwa cewa a jirgin ƙasan Baltimore al'ada ce idan ka shiga ka bi kujera-kujera ka gaishe da kowa. Baiwar Allah ta gaishe da rabin tarago kafin ta lura babu mai amsawa sai wani tsoho da ya zaci bara take.

Karaban ɗin ba saye ta yi ba. Akwai wani dattijo da take kula da shi, Mista Kessler, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda shanyewar ɓarin jiki ta zaunar a keke. Ita Baba Kesila take kiransa. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana can wata jiha mai nisa. Karaban ɗin tana bayan gidansa, da ita suka zaga rabin Amurka shi da matar.

Wata shekara, da ganye ya fara zuba, tsohon ya daina cin abinci. Ko ta kai cokali bakinsa sai ya kau da kai, ya dinga nuna taga da hannunsa mai lafiya. Maganarsa ba ta fita sosai. Atine ta yi ta lallaɓa shi har ta gane damuwarsa: 'yar ta zo lokacin zafi ta kwana a karaban da yaranta, ta bar ruwa a ciki, ga shi sanyi ya ƙarato. A ƙasar nan ruwa idan ya daskare kumbura yake yi. In ya kumbura a cikin bututu sai ya fasa shi, kai kuma ba za ka sani ba sai sanyi ya wuce ka kunna famfo, ka ga ruwa na fitowa ta bango.

Atine ta naɗe shi da bargo, ta turo kekensa har bakin karaban, ta ɗora kwanon abincinsa a kan matakala. Ta ce masa da Turancinta na lokacin, wanda rabinsa hannu ne ke yi, “Kai ka san aikin, ni ke da hannu. Ka ci cokali, in buɗe abu guda.”

Haka aka yi cinikin. Ya ci cokali, ta kwanta a ƙasa ta buɗe bakin tankin ruwan sha, ruwa ya tsiyaye a ciyawa. Ya ci wani, ta cire toshiyar hita, tukunyar dafa ruwan wanka, bayan ta tabbatar ta huce. Ya nuna mata bawul ɗin da ake juyawa don a kewaye hitar, kada a cika ta da magani a banza. Ya sa ta jona ɗan injin iska, ta bi famfo-famfo tana buɗewa har suka daina tofar da ruwa. Sannan aka zo kan maganin hana daskarewa, wani ruwa mai launin hoda kamar zoɓon da aka tsinka, wanda aka yi shi musamman don bututun ruwan sha, ba irin na injin mota mai guba ba. Ana tsoma tiyo a bidonsa, wato jarkar da yake zuwa a ciki, a kunna injin famfo, a buɗe kowane famfo har sai jan ya fito. A zuba kaɗan a maƙogwaron wurin wanke-wanke, a zuba a masai. Kafin su gama tsoho ya share kwano, har yana neman ƙari.

Daga nan duk shekara sai ta yi masa, ko da babu wanda ya taɓa karaban ɗin, don ta lura ranar ce kaɗai yake cin abinci kamar mai lafiya. Da ya rasu, 'yar ta zo kwashe kaya, ta ce ba ta da inda za ta ajiye ta, kuma ta san wanda mahaifinta zai so a ba. Mijinta Oumarou ya dawo daga aiki ya tarar da ɗaki a gefen gidansa.

Ya ce, “Maman Jidda, mi za mu yi da wanga abu?”

Ta ce, “Ranar da ka ɓata mini rai, ga inda za ka kwana. Kuma in ka yi gardama in sa a ja ka zuwa Baltimore.”

Oumarou mutum ne mai sanyi, dogo, mai kunyar baƙo. Ya yi murmushi kawai. Daga baya shi ya nemo wata tsohuwar akori-kura don jan ta. Mun sha zuwa bakin ruwa da ita lokacin zafi, mu yi gashi, yara su yi ta tsalle a kan gado. Ranar Sallah kuwa a cikinta mata ke gyara ɗaurin kallabi a filin da muke taruwa.

Ana nan sai ga Idrissa. Ɗan kawun Atine ne, wato taubashinta, kuma kun san tsakanin taubasai babu kunya babu fushi. Ita tana ce masa bawana, shi yana ce mata baiwata. Gadi yake yi a wani sito, yana zaune a Takoma Park da wasu samari, sai mai gidan ya sayar da gidan aka watse. Ya iso Laurel lokacin zafi, a shekarar dubu biyu da tara, da akwati guda da butar shayi, ya ce zai ɗan fake a karaban kafin ya sami ɗaki.

Idrissa ya ji daɗin karaban fiye da kima. Ya shimfiɗa darduma, ya rataye hoton masallacin garinsu, ya ɗaura igiyar shanya daga madubin akori-kura zuwa katanga. Da yamma abokansa su zo a dafa shayi, a yi ta musun ƙwallo. Har waya yake bugawa Maraɗi yana cewa Allah ya yi masa gida, ɗaki da kicin da ban-ɗaki, babu mai damunsa. Abinci kuwa daga tukunyar Atine. In ya ji ƙamshi sai ya ƙwanƙwasa tagar kicin ya ce, “Baiwata, ubangidanki na jin yunwa.”

Atine ta samo masa ɗaki a Wheaton, a saman kantin wani ɗan Damagaram. Ya je ya gani ya dawo ya ce matakalar ta yi tsawo. Ta samo wani, ya ce tagar ba ta kallon gabas. Zafi ya wuce, ganye ya yi ja, ya fara zuba. Ta gaya masa ƙarara cewa sanyi na zuwa, dole a zare ruwan karaban a rufe ta, in yana so ya dawo falo kafin ya kama ɗaki.

Ya ce, “Falo? In bar gidana in koma kujera? Sanyi ai bargo ne maganinsa.”

Ta ce, “Kai ka shiga bargo. Tiyo fa, wa zai lulluɓe shi?”

Ya ce, “Allah shina nan.”

Ta kai ƙara wurin Oumarou. Shi kuma ya ce baƙo ba a korarsa, balle ɗan'uwa. Atine ta ce, “An ce baƙo raɓa ne, Baban Jidda. Wanga kam ya zama damina.” Oumarou ya ɗauki makullin tasi ya fice.

Wata Asabar da la'asar ta kira ni a waya, ta ce in zo in taya ta aiki, in sa tufafin da ba na so. Na tarar Idrissa ya tafi gadi, ba zai dawo ba sai da safe. An ce a rediyo makon da za a shiga ruwa zai fara daskarewa. Ta riga ta ja karaban ɗin ta je ta zubar da tankunan ƙazanta, ta dawo da ita daidai inda take, har igiyar shanyar ta mayar.

Muka kama aiki, tana sauri kamar wadda ake bi. Ita tana waje tana zare ruwa tana jona iska, ni ina ciki ina buɗe famfo ina rufewa yadda ta ce. Da aka zo kan jan ruwan, na ga ta yi abin da ban gane ba. Maimakon ta cire tiyon bayan an gama, sai ta tsoma shi a sabon bido cikakke, ta tura ƙarƙashin benci, ta rufe da murfinsa, ta bar injin famfon a kunne. Sannan ta ɗan ƙara hura iska a bututun. Ta kwashe butar shayinsa da kofuna da buroshin haƙori ta zuba a leda.

Na ce, “Waɗannan fa?”

Ta ce, “Ba shi da guba, amma ba abin sha ba ne. Tsoro nike so ya ji, ba ciwon ciki ba.”

Na ce, “Atine, ki ji tsoron Allah.”

Ta dube ni da fuskar ta'aziyyar nan ta ce, “Ni karaban na gyara. Gobe ki zo karin kumallo, zan soya fanke.”

Ai kuwa ban makara ba. Hantsi ya ɗan ɗaga muna kicin, mai yana ƙara a kasko, Oumarou yana shan koko, sai muka ga Idrissa ya sauko daga motar abokin aikinsa. Ya ɗaga mana hannu ta taga kamar wani hakimi, ya shige gidansa.

Daga baya shi da bakinsa ya ba da labarin abin da ya faru a ciki. Ya cire riga, ya murɗa famfo don ya wanke fuska. Famfo ya yi tari. Ya yi wani gurnani daga can cikin bango, kamar ana shaƙe rago. Sannan ya tofo ja a tafin hannunsa. Ya yi baya, ya buɗe na ban-ɗaki, ja. Ya buɗe shawa, ja. Ya leƙa masai, nan ma ja ne kwance.

Mu dai abin da muka gani shi ne ƙofa ta buɗe da ƙarfi, Idrissa ya diro ba ta matakala ba, daga shi sai singileti da wandon gadi, takalmi ƙafa guda. Igiyar shanya ta kama shi a wuya, ya kuɓuce, ya iso tagar kicin yana salati.

“Atine! Atine! Jini! Rabine! Famfo na zubar da jini!”

Yau babu baiwata. Atine ta juya fanke a kasko, ta ɗago a hankali.

Ta ce, “Ya fara ke nan.”

Ya ce, “Mi ya fara?”

Ta ce, “Duk shekara war haka ruwan karaban ɗin nan ja yake komawa. Tun mai ita na da rai.”

“Mai ita? Ina mai ita?”

“Ya rasu. Bai son a bar ruwa a cikinta in sanyi ya zo. Ko abinci bai ci sai ya ga jan nan ya fito.”

Idrissa ya dubi karaban, ya dubi hannunsa. Ya juya ga Oumarou ya ce, “Yaya Oumarou, gaskiya ne?”

Oumarou ya rasa inda zai sa kansa. Ƙarya ba halinsa ba ce, kuma da ya auna maganar matarsa bai ga inda ƙaryar take ba. Ya dubi cikin kofinsa ya ce, “To, duk shekara kam yana yin ja.”

Ni na tura fanke mai zafi a baki don kada dariya ta tona mu, ya ƙone mini harshe, hawaye suka zubo. Idrissa ya ga hawayen ya ce, “Har Hajiya Rahmatu ta sani! Kowa ya sani sai ni! Kuka bar ni ina kwana da mutum!”

Bai yarda ya sake shiga ba. Oumarou ne ya haɗo masa akwati da darduma da hoton masallaci. Kafin azahar yana Wheaton, a ɗakin nan mai doguwar matakala, kuma an ce da gudu ya hau ta.

Da suka dawo daga raka shi, Oumarou ya ce mata abin da ta yi bai kyautu ba. Ta ce ya nuna mata kalma guda da ba gaskiya ba a cikin maganarta. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ban taɓa ganin mutumin nan ya yi dariya har ya riƙe bango ba sai ran nan.

Asirin bai daɗe ba. Bayan 'yan makonni mai kantin ya aiki Idrissa sayen gishirin narkar da ƙanƙara a wani babban shagon kayan gini. Yana shiga ya yi kiciɓis da bidoji jere har sama, duk cike da jan ruwa, kowanne da hoton karaban a jikinsa. Ya tsaya ya karanta. Daga nan ya bugo mata waya. Ta sa shi a lasifika don in ji. Ya zage ta, ya zagi kakanninta na wajen uba, tunda na wajen uwa nasa ne. Ita kuwa sai cewa take, “Sannu bawana. Ɗakin da ɗumi?” Ya ce da ɗumi, amma wannan ba ruwanta.

Sanyin shekarar nan ba a manta shi ba. Dusar ƙanƙara ta sauko har ta binne motoci, makarantu suka rufe, tasin Oumarou ta yi kwanaki ba a ga ko madubinta ba. Karaban ta zama wani farin tudu a gefen gida. Atine takan tsaya a taga ta ce da yanzu bawanta ya zama kilishin ƙanƙara. Shi kansa Idrissa ya yarda da haka, amma ba a gabanta ba.

Da itatuwa suka fara toho ta sa ranar buɗe karaban, don a wanke maganin daga bututu a zuba ruwa mai kyau. Idrissa ya ji labari ya gayyaci kansa, ya zo da abokan shayinsa, wai sun zo gaishe da mai gida. Atine ta jona tiyon ruwa, ta buɗe. A ciki komai lafiya, ja ya fita, fari ya biyo. Tana zagayawa ta baya tana yi musu bayani kamar malamar makaranta, sai wani ɗan murfi a jikin bangon waje ya ɓalle, ruwa ya feso mata a fuska da ƙarfinsa, ya tuge mata kallabi.

Ashe akwai 'yar shawa ta waje a bayan wannan murfin, ta wanke ƙafa idan an dawo daga bakin ruwa. Duk shekara tana bi ta kanta. A wannan karon, garin sauri da ɗokin tsokana, ta manta da ita, ruwa ya kwana a ciki, sanyi ya tsaga ta.

Idrissa ya zauna a ciyawa don dariya ta hana shi tsayuwa. Da ya samu numfashi ya ɗaga hannu sama ya ce, “Tsoho ya yi hushi! Kin yi ƙarya da sunansa, ya rama mini!”

Atine na tsaye ruwa na ɗiga daga haɓarta ta ce, “Ban yi ƙarya ba.”

Ya ce, “To je ki gaya masa.”

Ita ta gyara abinta. Ta sayo sabon kan famfo da ɗan guntun bututu, ta durƙusa a kan kwali, ta sa Idrissa riƙe mata fitila, shi kuma da gangan yake haska mata kunne. Shekara guda cur babu sunan da aka yi ko ɗaurin aure daga Laurel zuwa Wheaton da bai ba da labarin nan ba, kuma kullum ruwan ƙaruwa yake. A bakinsa har ya kai ga ya ɗaga ta sama ya dire ta a gidan maƙwabta. Da ya tashi aure, ita ta yi masa uwar biki, ta kuma tsaya a gaban dangin amarya ta ce su riƙe shi da kyau, yaro ne mai tsoron famfo.

Shekaru suka tura. 'Yarsu Jidda ta gama makaranta ta kama aiki a wani gari. Atine ta bar bin gidaje saboda gwiwa, Oumarou ma ya rage fita da tasi. Kwanciya a ƙasa don zare ruwa ta fara yi mata wuya, amma ba ta yarda kowa ya yi mata ba.

Wata shekara, can wajen ƙarshen shekarun dubu biyu da goma sha wani abu, na je gidan da ganye ya fara zuba, na tarar ba ta sayo jan ruwa ba. Na tambaye ta. Ta ce bana ba za ta rufe karaban ba, za ta kai ta inda ruwa ba ya daskarewa. Wata ƙawarta 'yar garin Tawa tana Florida, ta ce akwai fili a bayan gidanta.

Na ce, “Baban Jidda ya yarda? Mutumin da ko Richmond yake cewa ƙarshen duniya?”

Ta ce, “Na ce masa za mu ɗan gangara kudu mu gaishe da wata.”

Suka tashi da safe, ita ke riƙe da waya tana faɗa masa hanya. Duk inda ya tambaya sai ta ce saura kaɗan. Suka wuce Virginia, suka shiga Carolina ta farko, suka kwana a karaban a wani sansani, washegari suka shiga ta biyu. A wani gidan mai ne ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ya ce, “Hajiya Rahmatu, don Allah ke kin san inda za mu?”

Na ce, “Me ita ta ce maka?”

Ya ce, “Ta ce kudu.”

Na ce, “To ai kudun kuke.”

Ya yi ajiyar zuciya. Ya ce ya ga bishiyar da ta yi kama da giginya a bakin titi, kuma ya cire rigar sanyi tun ɗazu. Sai na jiyo muryar Atine daga nesa tana cewa ya zo ya ja mota, rana na yi. Ya ce mini, “Bari in tahi. In kin ga Idrissa, ki ce ya riƙa leƙa mana gidan.”